Inna Saude Mai Ɗaurin Fangali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labarin rasuwar Inna Saude ta Kura ya same ni. Ba waya aka yi mini ba. A shafin mutumin da ya ci amanarta na gani, ya ɗora hotonta, wai ya yi rashin uwa.



Ga wanda bai san ta ba, Inna mai ɗaurin rini ce. Ita ke ɗaure farin yadi da zare kafin a kai marina, in an kwance sai ado ya fito. Na san ta ne lokacin da nake yawon neman tsofaffin adon zannuwa saboda zanen wani littafin yara da aka ba ni.

Ranar farko ta hana ni ɗaukar hoto sai da na ci dafa-duka. Sannan ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado, ta baza mini zannuwan mahaifiyarta, tana faɗa mini sunan kowane ado da wanda ya koya mata. In zan tafi, sai na tarar ta cusa mini albasa da tumatir a jaka.

Ado ɗaya ne nata na kanta, fangali. Ta ce tana amarya, tana kai wa mijinta abinci gonar shinkafa, ta ga yadda ruwan kanal ke bin fangali, wato 'yan yankunan da ake rarraba gonar, ɗaya bayan ɗaya, ta koma gida ta ɗaure shi a yadi.

Wani abokin karatuna mai kamfanin atamfa ya ga zanen da na yi da adon, ya ce in kai shi wurinta. Ba zan kama sunansa ba. A gabana ya durƙusa, ya ce, "Inna, duniya zan nuna wa aikinki, sunanki zai fito a jikin yadin." Ta yi murna, har ta ba shi aron zanen farko da ta ɗaure. Bai dawo da shi ba.

Zuwana na ƙarshe, bayan ƙaramar salla ne. Na same ta a tsakar gida da wata atamfa a cinya, maƙwabciyarta ce ta sayo a kasuwar Bunkure. Fangali ne sak, bugun inji.

Ta miƙo mini gefen, ta ce, "'Yar nan, karanta mini, a ina sunan nawa yake?"

Sunansa ne a wurin, da na kamfaninsa. Na ɗago kaina. Ta dube ni, ta gane.

Ta ninke atamfar a hankali. Ta ce, "Jiya wata ta kawo yadi, wai in ɗaure mata irin na kamfani, in zan iya. Na ce mata zan gwada."

Na kira shi a gabanta bai ɗauka ba. Daga baya ya turo mini saƙo, wai adon gargajiya na kowa ne.

Na kowa ne, amma sunanka kaɗai ka buga. Yau kuma ka tashi kana karɓar gaisuwa a hannun mutanen da ba su san abin da ka yi mata ba. Ka ji tsoron Allah.

Littafin yaran yana wurin bugu, sunanta na shafin farko. Na so in kai mata ta riƙe da hannunta, Allah bai nufa ba.

Duk wanda ya ɗaura atamfar nan, ya sani adon Saude ne, matar manomi daga Kura.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka makwancinki, ya saka miki, ya ba 'ya'yanki da jikokinki haƙuri. Don Allah in kun karanta, ku sa ta a addu'a, ku kuma ambaci sunanta.