Yadda Iya Ta Sauya Ƙarshen Labarin Sinawa

Ina firamare Iya, mahaifiyar Umma, ta dawo wurinmu da zama a Plumstead. Babu murhu a gidan council, wato gidan hayar hukuma, sai wata hita mai jan ido a falo, nan muke kewaye ta bayan isha'i. Umma ce 'yar farinta, saboda haka Iya ba ta kama sunanta, ba ta kuma yi mata doguwar magana. "Waccan" take ce mata, ko da a kujera ɗaya suke.

Da farko tatsuniyoyin kura da dila muke sha a bakin Iya. Can sai tatsuniyoyin suka sauya, aka koma jiragen zuwa wata da kasuwar da ake sayar da mafarki a mudu. Ni dai ban yarda ba. Tsohuwar da ko lif ba ta shiga sai da addu'a, ina ta samo waɗannan? Zargin Umma ya fi nawa muni. Nas ce, ta sha ganin tsofaffin da kansu ya fara kwancewa. Ta shiga tambayar Iya wace rana ce yau, me ta ci da safe. Wata rana muka ji ta a waya tana cewa ta yi booking wurin likita, har da maganar gidan kula da tsofaffi. Tsoro ya kama ni sosai.

Da yammar ranar Iya ta jira sai da Umma ta kafa teburin guga a bakin falo, sannan ta ce ga ta nan, a matso.

Wai a ƙasar Sin wata mata ce aiki ya yi wa yawa, ta sayo wa tsohuwarta bara na ƙarfe. Yana dafa mata shayi, yana matsa mata ƙafa, amma duk abin da ta manta sai ya kai wa 'yar. In mantuwar ta yi yawa, mota za ta zo ta ɗauke ta. Tsohuwa ta gano shi, ta zaunar da shi.

"Kai ɗan nan," in ji Iya da muryar tsohuwar, idonta a kan hita, "ka iya kai abin da na manta. To kai wannan ma. Ka ce mata na tuna ranar da ta faɗo daga mangwaro a Zariya, na goya ta har asibiti, ga mutane suna kallo, ban ji kunyar kowa ba."

Wace Zariya kuma a ƙasar Sin? Na buɗe baki zan yi gardama, sai na ga Umma ta kashe ayan ɗin gugar, ta shige kicin. Washegari ta soke ganin likitan.

Sai bayan rasuwar Iya Yaya Rabi ta faɗa mini gaskiya. Lokacin tana jami'a a Aldwych, tana karanta gajerun labaran kimiyya na marubutan Sin da aka fassara zuwa Turanci, ta dawo tana juya wa Iya su da gurguwar Hausarta tana yi mata kitso. Ta ba ni littafin. Na nemo labarin baran ƙarfen, na tarar motar ta zo, an tafi da tsohuwar, babu mangwaro ko ɗaya.

Tun daga nan ba na karanta fassara ban tambayi kaina me aka sauya ba, kuma don kunnen wa. Na kai wa Umma shafin, ina jin na kama Iya da hannu dumu-dumu. Ko karɓa ba ta yi ba.

"Na sani ai, tun a makon na karanta shi a ɗakin Rabi," ta ce. "Amma duk tsawon rayuwata, ranar ce kaɗai ta yi mini magana."