Likitan da na rataye a ƙusa

Jikata ta zo hutu, ciwon kai ya dame ta. Ta lallatsa wayarta, wayar ta jero mata cututtuka, daga gajiya har wani ciwo mai dogon suna. Ta zaɓi gajiya, ta ja mayafi ta kwanta. Na yi dariya har da riƙe ciki, don ba yau na fara ganin mai zaɓen cuta kamar yana zaɓen atamfa ba. Gado ta yi wurin kakanta, Allah ya jiƙansa.

Zamanin da auduga ke da daraja ne, muna ƙauyenmu tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Malam, mijina, kakan nata ke nan, manomi ne mai ƙarfi, kuma ya san yana da shi. Wata kaka, garin ɗora buhun auduga a amalanke, wani kumburi ya fito masa a ƙasan mara. In ya kwanta ya koma, in ya yi tari ya leƙo. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Asibiti bai yi mana nisa ba, mota ɗaya ce zuwa Malumfashi. Sai dai likitan da ke duba maza a can mijin 'yar wansa ne, kuma Malam ne ya yi waliccin auren, da bakinsa ya ba da ita. In likitan nan ya zo gaisuwa, tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ba ya ɗaga ido. Yanzu a ce Malam ya kwance tazuge a gaban surukinsa? Ya ce gara a ɗauke shi a makara. Na ce ya nemi tsari, baki shi ke yanka wuya.

Sai ya naɗa wa kansa wani likitan, wato rediyo. Duk mako bayan la'asar akwai shirin lafiya, kuma likitan cikinsa ya yi wa Malam daidai: ba ya gani, ba ya taɓawa, bai auri 'yar kowa ba. Makon da aka yi kumburin ciki, Malam ya ce shi ne, ya je kemis ya sayo ƙwayoyi. Makon tsutsar ciki ya ce to ga ta nan, ya ɗura wa gida duka magani, har ni da ban ce komai na damuna ba. Wata rana ya kunna a makare, ya tarar ana lissafa kasala, ciwon baya da tashin zuciya. Yana ta gyaɗa kai yana cewa wallahi kamar mutumin nan ya leƙa cikinsa, sai likita ya ce waɗannan su ne alamun mai juna biyu. Na shige madafa na toshe baki da zane.

Yana da wata ɗabi'a kuma. Da ya ji sunan cutar da ta yi masa, sai ya murɗe rediyo, wai kada batir ya ƙare a surutu. Ban taɓa jin ƙarshen shirin ba sai a shagon maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya mai kayan koli da muke ce wa Iya, wadda rediyonta ba ya hutawa. A can na ji ashe kullum likitan yana rufewa da cewa bayani ba magani ba ne, mai ciwo ya je a duba shi da hannu. Na kuma ji cewa mako mai zuwa ƙaba za a yi, wato irin kumburin Malam.

A lokacin dariyata ta fara raguwa. Malam ya koma salla a zaune, yana cewa gwiwa ce. Mutumin da goshinsa ke da tabon sujada ya kasa kai shi ƙasa. Na yi addu'a, sannan na yi dabara, don an ce Allah na taimakon wanda ya tashi.

Na buga ƙusa can sama kusa da rufi, na taka turmi na rataye rediyon, na ce saboda ɓarnar yara. Malam gajere ne, Allah ya gafarta mini. Sannan na aika Bakori aka kira mini taubashiyarsa, 'yar kawunsa, mai sayar da daddawa, wadda bakinta ya fi daddawar tata ƙarfi. Ita kaɗai ce a duniya ke iya gaya masa komai ya haɗiye.

Ranar shirin ni na taka turmin na kunna. Likita ya ce ƙaba hanji ne ke leƙowa ta wata kafa, babu ƙwayar da ke toshe ta, sai ɗinki. Malam ya miƙe zai kashe. Ya ɗaga hannu bai kai ba, ya yi ɗage, abin ya soke shi, ya zauna daɓas. Dole ya ji sauran: ranar da hanjin ya shaƙe ya ƙi komawa, ba lallai a kai asibiti da rai ba.

Sai taubashiyar ta karkace ɗankwali.

"Bawana, ashe hanji ka ɓoye a wando, kake ɗura wa 'ya'yan mutane maganin tsutsa?"

Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa tankaɗe ya sha mini kai, ban ga kowa ba.

"Ke dai ba ki da ta ido," ya ce wa taubashiyar. "Likitan asibitin nan surukina ne."

"To zaɓi, tunda ka iya zaɓe. Ko mutum ɗaya ya gani, ko ran kasuwar Bakori kowa ya ji. Kowane mai sayen daddawa da labarinka zan yi masa gyara."

Washegari muka shiga mota. Abin da babu wanda ya yi tunaninsa a cikinmu shi ne, surukin ya fi Malam jin kunya. Yana hango mu ya ɓace, ya turo abokin aikinsa, wani likita ɗan kudu mai gurguwar Hausa. Shi ya duba, ya girgiza kai, ya ce Baba ya yi wasa da ransa, ba zai bar shi ya koma gida ba. Aka yi aiki. Duk zaman jinyar nan surukin ta taga yake gaisuwa, a durƙushe, hularsa kawai muke gani. Malam kuma ya ja bargo har wuya ya amsa wa hular.

Kafin ruwan shuka ya sauka ya kai goshinsa ƙasa. Ina bayansa a kan tabarmata, na yi kuka ban bari ya ji ba. Rediyon kuwa a ƙusar ya ci gaba da zama, bai taɓa cewa a sauke ba.

Na ta da jikata na ce ta karanta mini abin da wayar ta rubuta can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Ta karanta tana zumɓura baki: a je a ga likita. Na ce ta ɗauko hijabinta. Ta ce ai gajiya ce, Hajiya. Na ce in ba ta tashi ba, akwai 'yar kawunta a Bakori, kuma ina da lambarta.