Iliasu Mai Guga da Garin da Ruwa Ya Ci

Shekara biyar muka yi da Iliasu a gida ɗaya a unguwar Aboabo ta Kumasi, ɗakina na kallon nasa, kuma ban taɓa ganin ya gama cin tuwo a zaune ba. Loma biyu zai yi ya miƙe ya leƙa ƙofa, kamar mai jiran baƙo. Ni tela ne, zama ne sana'ata, saboda haka zirga-zirgarsa takan hau mini kai. Nakan ce, "Malam Iliasu, cinnaka ne a wandonka?" Sai ya ce gawayi ne ba ya jiran mutum.

Guga yake yi. Malaman makaranta da akawuna daga unguwar Dichemso duk shi suke kawo wa fararen riguna. Ya cika dutsen guga da garwashi, ya fifita, ya guntsi ruwa ya fesa wa riga, hannunsa na tafiya bakinsa na mita. Kullum da Barkisu mai gawayi yake faɗa, wai tana kawo masa mai tartsatsi yana huda rigunan mutane. Ita kuma ba ta barin ta kwana.

"Ni nake yin itacen? Manyan itatuwa sun ƙare, Baaba. Lori sai ya yi kwana biyu yanzu kafin ya samu. In ba ka so, ga lantarki can sama, ɗauko."

Da wannan take taɓa shi inda ke masa ciwo. Wayoyin wuta suna wucewa ta bayan unguwa, mu kuwa da aci-balbal muke kwana. Iliasu yakan nuna su da haɓa ya ce, "Ruwan garinmu ne ke gudu a ciki."

A zangon garin Kete, wato unguwar baƙi, aka haife shi. Kakansa ya zo fataucin goro daga ƙasar Hausa ya zauna, ubansa ma can ya rayu ya mutu. Da aka datse kogin Volta don a samu lantarki, ruwa ya yi ta hawa har ya shanye kasuwa da masallaci da maƙabarta. Mafi yawan wutar kuwa, in ji Iliasu, Tema take tafiya, inda Turawa ke kawo wata farar ƙasa a jirgin ruwa, su narka ta, ta zama alminiyam, su sake loda ta su tafi da abinsu. An ba kowane mai gida takarda da sunansa da lambar sabon ɗaki a kan tudu. Iliasu ya je ya ga ɗakunan a jere, ya ce shi ba zai karɓi musayar kabarin ubansa da kwano da siminti ba. Ya cusa takardar cikin dutsen guga, ya goge rigarsa da wutarta, ya taho Kumasi. Da alfahari yake ba da labarin. An ce wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada, to shi dai bai sani ba, kuma na sha gaya masa haka.

Ana nan, a ƙarshen 1969, rediyo ya ce duk baƙon da ba shi da takardar zama an ba shi mako biyu ya bar ƙasa. Zango ya rikice. Mutane na sayar da gadaje da tukwane a bakin hanya, wasu na ɗaure kaya ba su san inda suka nufa ba. Iliasu ya ce shi wannan ba ta shafe shi ba, amma na lura ya ƙona riga biyu a yini ɗaya. Matarsa Sahadatu, Badagombiya ce, 'yar ƙasa, ita ba wanda zai taɓa ta, ita ce ta matsa masa ya je ofis ya ji matsayinsa. Na raka shi.

Akawun ba mugu ba ne, gajiya ce kawai a fuskarsa. Ya tambayi inda aka haife shi.

"Kete, ranka ya daɗe. Zango. Can aka binne cibiyata, gindin tsamiya."

"Pepa fa?" in ji akawu, wato takardar shaida.

A wurinmu in ka faɗi inda cibiyarka take, ka kawo dattawa biyu suka shaida, magana ta ƙare. Akawu ya ce shi ba shi da layin da zai rubuta tsamiya. Ya ce ko takardar da aka raba lokacin tashin gari in akwai, ya kawo a duba. Iliasu ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Wallahi na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa.

Bai haƙura ba. Ya hau mota ya tafi sabon garin neman shaidu, ya dawo bayan kwana huɗu ya rame. Ungozomar da ta karɓi haihuwarsa ta rasu, dattawan da suka san ubansa su ma kaya suke ɗaurewa. Wani mai kwalekwale ya kai shi saitin tsohon zango, ba abin da ya gani sai kawunan busassun itatuwa a tsakiyar ruwa. Ya ce ya yi wa mahaifinsa addu'a, amma bai tabbata a daidai wurin ya yi ba.

Na ce ya lafe a ɗaki ƙura ta kwanta, wasu haka suka yi suka tsira. Amma Iliasu da ɓuya? Kwana uku ya yi yana kai da komo tsakanin bango da bango, duk takun da ya ji a waje sai ya zabura. A rana ta huɗu ya ce gara ya tafi da ƙafarsa da a ɗauke shi a gaban 'ya'yansa.

Muka raka shi Race Course, filin da ake lodin masu barin ƙasa, da hantsi. Sahadatu na riƙe da yara biyu, ta ƙi kuka, sai gyara masa ɗaurin tabarma take yi. Ya hau bayan lori ya tsaya a tsaye, ga wurin zama ya ƙi zama. Na riƙo gefen motar na ce, "To in kun isa Najeriya, gidan wa za ka sauka? Ba ni suna, mu san inda za mu aika wasiƙa."

Direba ya tayar da mota.

"Kakana ya taɓa cewa akwai rijiya a ƙofar gidansu," in ji shi. "Zan tambaya."