Gemun Mai Kunne

Shekara talatin da biyu ke nan rabon da a kira shi da sunansa na yanka. Mai Kunne ake ce masa, don da kunne yake gyaran mota. Zai ɗora bakin dogon sukundireba a kan inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai jin gulma ta bayan katanga, sai ya ce, "Filogi na uku ne." In an duba, shi ne ɗin.

Abin da bai gaya wa kowa ba, kunnen ya fara ajiye aiki. Matarsa kaɗai ta sani, ita da take kiransa sau uku kafin ya waiwayo. Rigimarsu biyu ce tak: ya je asibiti a duba kunnen, ya kuma rage gemun nan da ya kai masa ƙirji. Har almakashi ta rataye a jikin madubi don ya riƙa gani. Gogan naka ko gezau.

Ana haka sai wani ya buɗe gareji a jikin nasa, da farar riga fes da 'yar na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Wai shi Injiniya. Masu motoci suka riƙa sulalewa, har ya rage saura Hedimasta, wanda ya shekara ashirin yana kawo masa mota. Shi ma ranar da fitilar gargaɗi ta kama a gabansa, motar ta fara kakkarwa in an tsaya, can ya nufa, yana kawar da kai. Wannan ta yi wa Mai Kunne ciwo ƙwarai.

Na'ura ta ce mai ya yi kaɗan a injin, iska ta yi yawa. Injiniya ya ce ai ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu. Aka cire, aka sa wata. Kwana biyu fitila ta dawo. Aka sa ta uku, ta dawo tun Hedimasta bai kai bakin titi ba.

Sai ga shi a gaban Mai Kunne yana sosa ƙeya.

"Maigida, a yi haƙuri. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

"Buɗe bonet, Malam."

Mai Kunne ya san wani wuri ne ke zuƙar iska. A da, daga tsallaken titi zai jiyo shi. Yau ya ɗora sukundireba, bai ji komai ba sai guuu. Mutane sun taru, Injiniya ya harɗe hannu yana murmushi. Tsoro ya kama Mai Kunne, don ya san in motar nan ta fita da fitilarta, sunan ya tafi tare da ita.

Ya ƙara sunkuyawa, yana yawo da fuska cikin inji, yana gyaɗa kai kamar mai jin wani abu. Can ta bayan inji, wani abu ya tsotsi gemunsa, caraf! Ya ja, abu ya ja. Ya bi gashin da yatsa, sai ga tiyo ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kai.

Ya miƙe a hankali, ya yi gyaran murya.

"Ga ɓarawon iskar nan. A sake tiyo, a mayar mata da ƙwaƙwalwarta ta asali. Lafiyarta ƙalau."

Aka yi, fitila ta mutu murus. Hedimasta ya ɗaga hannu yana cewa, "Kai, wannan kunne, Allah ya bar mana shi!" Injiniya ya tuna ya bar wani aiki a ciki.

Da ya koma gida, matar ta dubi gemun, gefe guda ya yi baƙi da mai, ga giɓi.

"Wa ya fige ka, Maigida?"

Ya nemi wuri ya zauna.

"Ban ji komai ba yau. Ko kaɗan. Gemun ne ya gano."

Ta so ta yi dariya, ta ga idonsa ya kawo ruwa. Sai ta tashi ta sauke almakashin daga jikin madubi, ta jefa shi can ƙasan akwati. Ta dawo ta kai bakinta daidai kunnensa.

"Gemu ya tsira. Amma gobe asibiti."

Bai jira ta faɗa sau uku ba. Ya ce, "To."