Hankicin Baba Direba

Tun yana da baƙin gashi Baba Direba yake jan motar 'yan makaranta, har furfura ta cinye kansa, kuma abu biyu yake taƙama da su. Na farko, mura ba ta taɓa kwantar da shi ba, ko hancinsa na zuba kamar lalataccen famfo sai ya fito aiki. Na biyu kuwa hankicinsa ne, wani shuɗi mai faɗi da marigayiya matarsa ta ɗinke wa baki da hannunta. Duk yaron da ya hau mota da majina, kafin ya zauna Baba ya cafke shi ya share masa hanci, ya ninke hankicin ya mayar aljihu. Iyaye na yabo, shi kuma kansa na ƙara kumbura.

A gida yana da jika, ɗiyar 'yarsa, wadda yake tsokana da suna Amarya. Da ya dawo aiki ita yake fara ɗagawa sama, ya share mata fuska ko da tas take.

"Tsohon nan, ka ishe ni da tsummanka," in ji ta. "Ni fa na fasa auren."

"Wa zai kwashe ki in ba ni ba?"

Sai dai Amarya na da asma. In ciwon ya tashi ƙirjinta fito yake yi, a kwashe ta sai asibiti. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi inda motar ke tsayawa sauran yara da gudu suke zuwa, ita kuwa sannu sannu, tana hutawa a jikin katanga. Wannan na ci wa Baba rai. An kori kyanwa, an naɗe kafet, an hana fesa turare, duk a banza.

Ana nan sai uwar yarinyar ta ji labarin wata likita a babban asibiti da ke binciken yadda mura ke tayar wa yara asma. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar da yarinya ta fara atishawa, a zo da kowa na gidan. Baba ya raɗa wa likitar suna Malamar Mura. Da ta zura masa tsinke mai auduga a hanci, ƙaton mutumin nan ya runtse ido yana kiran uwarsa, Amarya kuwa har da riƙe ciki don dariya.

Sun yi irin wannan zuwa sau da dama kafin Malamar Mura ta zaunar da su. Ta ce kusan duk tashin ciwon mura ce ke gaba, kuma ƙwayar cutar da ake samu a hancin yarinyar ita ake samu a na kakanta. Tana cikin bayani Amarya ta yi atishawa. Baba, cikin isa, ya zaro hankici ya share mata.

"Baba," in ji likitar, "hanci nawa wannan ya share yau?"

"Wa ya ƙirga, 'yata? Ai mota cike take."

Bai rufe baki ba ya gane. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya kasa kallon uwar Amarya.

"Kada ka ɗora wa kanka duka," likitar ta ce masa. "Mura na ko'ina, ba daga aljihunka kaɗai take fitowa ba. Amma wannan hanyar kai ne za ka iya toshe ta."

Ta canza wa Amarya maganin shaƙa zuwa wanda ake sha kullum, ta koya wa uwar abin da za ta yi da zarar mura ta leƙo. Baba kuwa ya wanke hankicin, ya goge, ya sa a ƙasan akwati. Ya ɗaure kwalin tishu a bayan kujerarsa, kowa ya share nasa. In mura ta kama shi sai ya bar wa abokin aikinsa tuƙi, ya kulle kansa a ɗaki yana mita, suna faɗa da Amarya ta taga. Da abin da likitar ta gano ya isa makarantar, har famfo da sabulu aka sa a bakin ƙofa, Baba na gaya wa kowa cewa da hancinsa aka yi binciken.

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, amma zuwa asibiti ya yi ƙaranci ƙwarai. Wata safiya Amarya ta makara. Baba ya danna ham, ya duba madubi, sai ga ta ta taho da gudu, jaka na dukan bayanta, ko kallon katangar ba ta yi ba. Ta faɗo mota da sauran numfashin masifa.

"Da tafiya za ka yi ka bar matarka?"

Hawaye suka fara bin gemun Baba. Ya laluba aljihu, babu komai. Amarya ta zaro tishu daga kwali ta miƙa masa.

"Ungo, tsoho. Kowa ya share nasa."