Igiya a Gindin Gawo

Shekarar da aka yi wa rijiyar unguwarmu bakin siminti ke nan, damina biyu bayan rasuwar maigidana, babban ɗana ko babur bai saya ba tukuna. Da kakar nan furoje, wato masu aikin tallafa wa manoma, ya turo mana malamin gona daga Damagaram, wani siririn saurayi mai kaye da bik, littafin rubutunsa da alƙalami ke nan, wai ya auna ko irin geron da suka raba mana ya ƙara amfani. Wanda gonarsa ta gaza, za a sa shi cikin masu karɓar hatsi da bazara.

Ni ce shugabar mata, wurina ya fara zuwa. Ban taɓa taka lakwal na yi boko ba, amma na san abin da kayensa bai sani ba: a garin nan ba mai faɗa wa baƙo dami nawa ya ɗaure. Duk wanda ya tambaya, "Alhamdulillahi, an samu na kunu." Ko an faɗa ma, damin wani sai jaki, na wani kuwa yarinya ta ɗora a ka ta ruga. Sai ya ce to, igiya zai ja a kowace gona, taku goma kowane gefe, ya yanke abin da ke ciki ya ɗora a sikeli, sauran gonar ya kwatanta da shi.

Ina da wata maƙwabciya, mijinta ya mutu ya bar mata ƴaƴa huɗu da gona a hanyar Tsauni. Kaka ɗaya kafin zuwan malamin ta tare ni bakin rijiya, gaban mata, ta ce, "Yaya, wannan damin naki gero ne, ko tsintsiya za ki kai kasuwa?" Aka yi ta dariya har guga ya suɓuce wa wata. Ni ma na yi dariya. Na dai ajiye a raina.

Gonarta rairayi ne da ƙuduji, zangarniya kamar yatsa. Amma a kusurwar gabas akwai gawo inda shanu ke kwana da rani, geron gindinsa ya fi mutum tsawo.

Ƙa'idar malamin, ya juya baya ya jefa sanda, inda ta faɗi nan zai ja igiya. Ranar da na raka shi gonarta kuwa rana ta take, ya riga ya zaga gona bakwai, ƙafar wandonsa duk ƙarangiya.

Na ce, "Malam, gawon can ya fara tofo, ga ƴar inuwa. Gona ai ɗaya ce, ko'ina ka auna ita ce."

Ya ce, "Inna, Allah ya saka miki."

Ita kuma tana tsaye tana washe baki, ana auna geronta mafi kyau gaban baƙo. Da hannunta ta riƙe masa igiyar. Da ya duba sikeli ya ce, "Baiwar Allah, ke ce kan gaba a duk Matameye!" Ta juyo ta kalle ni, ta gyara kallabi.

Da aka karanta sunaye a ƙofar mai unguwa, babu nata. Ta rantse rumbunta bai kai rabi ba, aka ce takarda ta nuna ta ninka bara. Har baƙi aka kawo da mota suka ɗauke ta hoto a gindin gawon, aka ce ta yi murmushi. Ni kuwa na samu hatsina, don a tawa gonar na san inda na tsayar da shi kafin ya jefa sanda.

Kafin ruwa ya sauka ta sayar da awakinta, sannan gonar. Ɗana ne ya sayi gonar. Ranar ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakina, ta ƙi tabarma.

"Yaya, kin san abin da kika yi."

Na ce, "Ni na iya karatu ne? Ni da tsintsiya kawai nake ɗaurewa."

Mai unguwar ya rasu, matan rijiyar ma duk sun tafi. Malamin, an ce ya yi tumbi, Alhaji ne yanzu a Damagaram. Maƙwabciyar tawa tana Tsauni wurin ƴarta, ba ta gani. Sai ni. Gawon ma yana nan, bana jikokina suka yanke geron gindinsa.