Oda Sau Uku

Shekara ashirin da biyu Direba yana jigilar shanu, bai taɓa sauke mushe ba. Dokarsa ɗaya ce: ba ya tsayawa da rana, don in mota ta tsaya iska takan ɗauke, zafi ya kwantar da saniya, sauran su tattake ta.

Gidansa na bakin babbar hanya. In ya zo wucewa sai ya danna oda sau uku, matarsa ta leƙo ta katanga tana cewa, "Da ina da ƙaho, da ka fi kula da ni."

Wata Talata 'yarsu ta kira shi. "Baba, jikin Inna ya tsananta. Ta ce ka tsaya ko minti goma ne."

Rana na tsaka, shanu talatin na haki a bayansa. Ya rage gudu, ya danna oda sau uku, ya wuce. Ya kai su mayanka lafiya lau, mai shanun har yana yabonsa.

Washegari ya dawo da motar ba kaya, ya tarar da masu ta'aziyya cike da ƙofar gidan. 'Yar ta ce, "Ta ji odar, Baba."